Kwana 100 a kan kitsen teku: abin da jinin Hugh Sinclair ya nuna game da furostagilandin

A shekarar 1979 wani dattijo ɗan Birtaniya, likita kuma masanin abinci, mai suna Hugh Sinclair, ya ɗauke hannunsa daga duk abin da ya tsiro daga ƙasa da naman duk dabbar da ke yawo a tudu. Kwana 100 cur bai sa komai a bakinsa ba sai naman sil da kitsenta, da kifi, da ƙananan halittun teku masu ɓawo, ya kora da ruwa. Sil dabba ce ta teku mai shayarwa, mai kaurin kitse a ƙarƙashin fata, wadda mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara suke farauta. Shekarunsa 69 a lokacin. Kafin ya fara, in aka yi masa ɗan tsaga a hannu, jini kan tsaya cikin minti 3 zuwa 4. Da tafiya ta yi nisa, sai da tsagar ta kai kusan minti 50 tana zubar da jini.

Ba magani ya sha ba, ba cuta ce ta kama shi ba. Abin da ya canja kawai shi ne irin maiƙon da yake ci. Wannan ne ya sa nake ganin lamarinsa ya cancanci a zauna a kansa, domin a jikin mutum ɗaya an ga abin da littattafai suke zanawa da kibiyoyi: kitsen da ya shiga baki yana iya canja saƙonnin da ƙwayoyin jiki suke aika wa juna, irin su furostagilandin. Sai dai kuma lamarin yana da gefen da masu ba da labarinsa suka cika tsallakewa, kuma shi ma za mu zo gare shi.

Mutumin da tambayarsa

Tun a 1929 da 1930 wasu ma'aurata masana a Jami'ar Minesota ta Amurka, George da Mildred Burr, suka nuna cewa ɓeran da aka hana shi kitse gaba ɗaya fatarsa kan yi saɓa, wutsiyarsa ta lalace, girmansa ya tsaya. In aka ba shi ɗan asid ɗin linoleyik, wanda ke cikin man shuke-shuke, sai ya farfaɗo. Daga nan aka gane akwai sinadaran maiƙo da jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai an ci su. Sinclair, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Oksfod, ya riƙe wannan zance ya ƙi saki. A 1956 ya rubuta doguwar wasiƙa a mujallar likitoci ta Lancet yana cewa toshewar jijiyoyin jini da wasu cututtukan zamani suna da nasaba da ƙarancin waɗannan sinadaran a abinci. Abokan aikinsa da yawa suka ɗauke ta a matsayin zuzutawa, kuma ya daɗe yana ɗauke da tabon wannan wasiƙa.

Can a Denmak kuma, likitoci biyu na asibitin Aalborg, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, sun ji ana cewa Inuwit na Girinlan ba su cika mutuwa da bugun zuciya ba, alhali abincinsu kitse ne ya yi masa yawa. A 1970 suka tafi yankin Uummannaq, a arewa maso yammacin tsibirin, suka ɗebi jinin mutum 130. Kolestarol da sauran kitsen jinin mutanen sun yi ƙasa da na Danawa, wato mutanen Denmak, amma ba wannan ne abin mamakin ba. A na'urar da ke rarrabe sinadaran maiƙo suka riƙa ganin wasu sinadarai da yawa waɗanda da ƙyar ake ganinsu a jinin Danawa. Biyu daga cikinsu su ne waɗanda duniya ta sani yau da EPA da DHA, sinadaran maiƙo ne na gidan da ake kira omega-3. A 1976 Sinclair ya bi su zuwa Girinlan, suka auna abincin mutanen, suka tarar Inuwit suna cin kusan giram 14 na maiƙon omega-3 a rana, Danawa kuwa kusan giram 3.

Tambayar da ta rage ita ce: abincin ne, ko gado ne, ko sanyi da wahalar farauta? Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko wanda ba Inuwit ba, a ɗora shi a kan abincin, a ga abin da jininsa zai yi. Sinclair ya ɗauko kansa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma shi ya san Inuwit sun yi suna wajen yawan haɓo da jinkirin tsayawar jini.

Yadda kitse yake zama saƙo

Ba za a fahimci minti 50 ɗin nan ba sai an san mece ce furostagilandin. Sunan kansa kuskure ne da ya zauna. Ulf von Euler na Suwidin ne ya raɗa shi a 1935, bayan ya sami wani sinadari a cikin maniyyi da ke sa tsoka ta murɗa, ya zaci daga ƙululun furostet yake fitowa. Daga baya aka gane kusan kowace ƙwayar halitta a jiki tana iya yin irinsa. Ba a ajiye shi, kuma ba ya tafiya nesa cikin jini kamar insulin. Ƙwaya kan ƙera shi a lokacin da ake bukata, ya yi aiki a kan maƙwabtanta, ya lalace cikin daƙiƙu ko mintuna. Shi ne ke tayar da zazzaɓi, shi ke sa wurin da ya kumbura ya yi zafi da zugi, shi ke matsa mahaifa a lokacin naƙuda da lokacin ciwon mara, shi ke sa ciki ya shafe kansa da majinar da ke kare shi daga tsamin da yake fitarwa, shi ke buɗe wa ƙoda hanyar jini in ruwa ya yi ƙaranci a jiki.

A 1964 rukunin Sune Bergström a Suwidin da rukunin David van Dorp a Holan, kowa da nasa aikin, suka nuna daga ina ake ƙera shi: daga sinadaran maiƙo masu kabon 20. Nan ne binciken ma'aurata Burr ya haɗu da na von Euler.

Sinadarin maiƙo sarƙa ce ta kabon. A wasu wurare kabon biyu sukan riƙe juna da hannu biyu maimakon ɗaya, wannan shi ne tagwayen ɗauri, kuma a nan sarƙar take lanƙwasa. In ka ƙirga daga wutsiyar sarƙar ka tarar da tagwayen ɗauri na farko a kabon na 6, omega-6 ke nan. In a na 3 yake, omega-3. Jikin mutum ba ya iya kafa ɗauri a waɗannan wurare biyu, kuma ba ya iya mayar da ɗan wannan gida ya koma ɗan wancan. Abin da ya iya shi ne tsawaitawa da ƙara lanƙwasa ta wajen kai. Linoleyik na man masara da man sunfulawa da man waken suya, mai kabon 18, hanta kan tsawaita shi har ya zama asid ɗin arakidonik, mai kabon 20 da tagwayen ɗauri 4. Alfa-linolenik na irin filas da wasu 'ya'yan itatuwa masu mai kan bi hanya ɗaya, ta hannun enzayim iri ɗaya (sinadaran jiki masu sarrafa wani abu ya koma wani), ya zama EPA, mai kabon 20 da tagwayen ɗauri 5. Wannan hanya ta biyu ba ta da ƙarfi a jikin mutum: a samari maza ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne ke isa EPA, a mata matasa ya fi haka. Mai cin kifi mai maiƙo ko kitsen sil ya tsallake wannan wahala, domin EPA ɗin a shirye yake shigowa.

Arakidonik da EPA ba sa yawo haka kawai. Ana saƙa su ne cikin tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwaya, su zauna a kujera guda, matsayi na biyu a jikin kitsen da aka gina tantanin da shi. Kujerar kuwa ƙidayayya ce. In EPA ya yawaita a jini, zai riƙa zama inda arakidonik yake zama. Ranar da aka ji ciwo, wani enzayim mai suna fosfolaifes A2 sai ya yanko duk wanda ya tarar a kujerar, ya miƙa shi ga wani enzayim da ake kira COX. Shi COX yana da wani dogon lungu matsattse a jikinsa. Sarƙar kan shiga lungun ta naɗe, a liƙa mata iskar oksijin, a ɗaure tsakiyarta ta zama zobe. A wannan aiki tagwayen ɗauri biyu ne suke salwanta. Arakidonik ya shiga da 4 ya fito da 2, shi ya sa 'ya'yansa suke ɗauke da lamba 2: PGE2, PGI2, TXA2. EPA ya shiga da 5 ya fito da 3, 'ya'yansa su ne masu lamba 3. Lambar da ke maƙale da sunan furostagilandin, ashe, tana gaya maka abin da mai jikin ya ci.

Biyu daga cikin 'ya'yan arakidonik su ne suka shafi jinin Sinclair kai tsaye, kuma an gano su ne ana gab da gwajinsa. A 1975 Mats Hamberg da Jan Svensson da Bengt Samuelsson suka gano turomboksen A2, wato TXA2. Falatilet ne suke yin sa, wato ƙananan ƙwayoyin jini da ke rugawa bakin rauni su manne da juna su toshe shi. Turomboksen yana kiran sauran falatilet su taru, yana tsuke jijiya, kuma rabinsa kan lalace cikin kusan daƙiƙa 30. A 1976 Salvador Moncada da John Vane da abokan aikinsu suka gano kishiyarsa, furostasaikilin, wato PGI2, wanda bangon jijiya ke yi domin ya hana falatilet mannewa ya kuma saki jijiyar. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ɗaya yana cewa a daskare, ɗaya yana cewa a gudana. Vane ɗin nan shi ne ya nuna a 1971 cewa asfirin tana aiki ne ta hanyar hana ƙera furostagilandin, kuma a 1982 shi da Bergström da Samuelsson suka raba kyautar Nobel.

To, EPA yana taɓa wannan ma'auni ta fuska uku. Yana rage arakidonik da ke cikin tantani tun kafin a ji ciwo. In an yanko shi ya shiga lungun COX, yakan tare wurin amma ba ya naɗewa da kyau: COX-1, wanda ke cikin falatilet, yana sarrafa shi da kusan kashi 1 cikin 10 na saurin da yake sarrafa arakidonik, kuma muddin yana ciki arakidonik yana waje yana jira. Sannan ɗan abin da aka samu daga gare shi ba ƙarfinsu ɗaya ba. Turomboksen A3 rago ne wajen tara falatilet, amma furostasaikilin mai lamba 3 yana aiki kusan kamar mai lamba 2. An rage wa mai cewa a daskare murya, an bar wa mai cewa a gudana tasa. Wannan shi ne hasashen da Dyerberg da Bang da Moncada da Vane suka wallafa a Lancet a 1978, shekara guda kafin Sinclair ya fara cin sil.

Kwana 100 ɗin

A gidansa da ke Sutton Courtenay, kusa da Oksfod, ya yi gwajin. Babu burodi, babu dankali, babu ganye, babu 'ya'yan itace, babu madara. A tsawon lokacin ana ta ɗibar jininsa da wasu samfura daga jikinsa.

Awon da ya fi shahara a ciki shi ne na lokacin zubar jini, kuma yana da kyau a san yadda ake yin sa a wancan zamani. Ana ɗaura wa mutum abin awon hawan jini a dantse, a hura shi zuwa 40 a bar shi a nan. Sai a yi ɗan tsaga marar zurfi a cikin sangalin hannu, inda babu babbar jijiya, a danna agogo. Duk bayan daƙiƙa 30 mai awon zai kawo gefen farar takarda mai shan ruwa ya taɓa ɗigon jinin, ba tare da ya shafi tsagar ba, don kada ya ɓalle ɗan toshin da falatilet suke ginawa. Ɗigo na farko kan bar babban tabo ja a takardar, na gaba ya ƙanƙance, har a zo inda takardar za ta dawo fara. A lafiyayyen mutum ana gamawa kafin a cika gefen takarda ɗaya. Minti 50 kuwa yana nufin taɓawa kusan 100, mutum yana zaune da hannu a miƙe, jini yana tsattsafowa bai daina ba.

Ba jini kaɗai ya nuna alama ba. Ya rame sosai. Wani sinadari da ke bayyana in maiƙo ya ruɓe da iskar oksijin a cikin jiki, malondayaldihaid, ya hau ƙwarai a jininsa, kuma hakan ba abin mamaki ba ne, domin duk sarƙar da tagwayen ɗaurinta suka yi yawa ta fi saurin lalacewa, shi ya sa man kifi ke saurin ƙarni. Ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyinsa suka ragu matuƙa.

Minti 50 ɗin na wane ne?

A nan ne nake rabuwa da masu ba da labarin a taƙaice, masu cewa EPA ya danne turomboksen, jini ya ƙi tsayawa, shi ke nan. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu bai cika ba.

A dubi Inuwit kansu. A 1979, shekarar gwajin, Dyerberg da Bang suka wallafa awon mutum 21 na Girinlan da Danawa 21. A falatilet ɗin Danawa arakidonik ya kai kusan kashi 22 cikin 100 na sinadaran maiƙo, EPA kuwa rabin kashi 1. A na Inuwit arakidonik kashi 8.5 ne, EPA kashi 8, kusan kai ɗaya. Wannan sauyi ne babba, na mutanen da suka tashi a kan abincin tun suna goye. Amma lokacin zubar jininsu minti 8.1 ne, na Danawa 4.8. Bai ma ninka biyu ba.

A dubi asfirin kuma. Ita ba gasa take yi da arakidonik ba, toshe lungun COX-1 take yi har abada, kuma tun da falatilet ba shi da cibiyar da zai ƙera sabon enzayim, ya rasa turomboksen ke nan har ƙarshen rayuwarsa ta kwana 8 zuwa 10. Ƙaramin ƙwayar asfirin a kullum yana kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na turomboksen ɗin falatilet. Duk da haka, a yawancin mutane lokacin zubar jini ninkawa yake yi sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. In maganin da ya kusa share turomboksen gaba ɗaya bai wuce nan ba, yaya abincin da ke rage shi kawai zai ninka lokacin fiye da sau 10 ta wannan hanya ita kaɗai? Lissafin bai fita ba. Akwai wasu hannaye a ciki.

Waɗanda za a fara tuhuma a bayyane suke. Cin man kifi mai yawan gaske yana iya rage adadin falatilet kansu, an ga haka a gwajin da Scott Goodnight da William Harris da William Connor suka yi a Amurka a 1981 da kifin salmon da mansa, inda lokacin zubar jini ya tashi daga ƙasa da minti 7 zuwa kusan 10. Abincin da babu tsiro a cikinsa yana da ƙarancin bitamin C, kuma ƙarancinta kaɗai yana raunana ƙananan jijiyoyi. Maiƙo mai saurin ruɓewa yana cinye bitamin E. Ga rama, ga shekaru 69. Sannan awon kansa ba shi da tsayayyen hali: zurfin tsaga, zafin fata da hannun mai awo duk suna canja sakamako, shi ya sa asibitoci da yawa suka daina amfani da shi. Mutum ɗaya ne, shi ne mai bincike shi ne abin bincike, babu na biyu da za a gwada shi da shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Abincin da ya ci ya fi na Inuwit tsanani. Awon da shi kansa ya sa hannu a ciki ya nuna mutanen Uummannaq na 1976 suna cin burodi da sukari da shinkafa da ake shigowa da su, har fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin abincinsu daga irin waɗannan yake fitowa. Sinclair bai kwaikwayi Inuwit na zamaninsa ba, ya wuce su.

Wannan bai rushe hasashen ba. Abin da ya tabbatar da shi gwaje-gwaje ne marasa armashin labari da suka biyo baya. A 1980, a birnin Munik na Jamus, Wolfgang Siess da Peter Weber da abokan aikinsu suka ciyar da maza 7 kifin makarel, giram 500 zuwa 800 a rana, mako guda. Cikin wannan ɗan lokaci EPA ya hau a tantanin falatilet ɗinsu, arakidonik ya sauka, turomboksen da suke yi ya ragu. Mako guda ya isa saboda falatilet gajeren rai gare su, ana sabunta su kullum. Jajayen ƙwayoyin jini da ke rayuwa kusan kwana 120 sai an yi watanni kafin su daidaita. A 1984 Sven Fischer da Weber suka sami ɓurɓushin furostasaikilin mai lamba 3 a fitsarin mutanen da suka ci EPA, shaidar cewa ba a kwalbar gwaji kaɗai ake yin sa ba, jikin mutum mai rai yana yi. A 1986 Howard Knapp da Garret FitzGerald suka ba masu toshewar jijiyoyi giram 10 na EPA a rana, turomboksen ɗinsu da ya yi yawa ya sauko. Hanyar daga cokali zuwa furostagilandin gaskiya ce, an auna ta gaɓa-gaɓa.

Wani kuskure da ya fito daga zanen wannan hanya shi ne zaton cewa tun da linoleyik ne kakan arakidonik, duk wanda ya ƙara cin man shuke-shuke ya ƙara wa kansa kumburi. Jiki ba ya aiki haka. Enzayim na farko a hanyar yana da iyaka, kuma binciken da ya tattara gwaje-gwajen manya a 2011 ya nuna ƙara linoleyik ko rage shi a abinci ba ya motsa arakidonik na jini yadda za a lura. Abin da ke ture arakidonik daga kujerarsa shi ne zuwan EPA da DHA. Kuma kada a ɗauki arakidonik a matsayin abokin gaba. Wanda ya taɓa ganin gyambon ciki ko ciwon ƙoda da magungunan kashe zafi suka jawo ya ga yadda jiki yake in an hana shi PGE2.

Abin da ya biyo baya

Tushen labarin ma an sake tono shi. A 2014 George Fodor da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa Bang da Dyerberg ba su auna yawan ciwon zuciya a Girinlan da kansu ba. Sun dogara ne da rahotannin hukuma da takardun mutuwa daga yankin da ƙauyuka da yawa ba su da likita. Binciken da aka yi daga baya ya nuna Inuwit suna kamuwa da ciwon jijiyoyin zuciya kusan kamar sauran jama'a, shanyewar ɓarin jiki kuwa ta fi yawa a cikinsu. A 2015 kuma aka wallafa a mujallar Science cewa Inuwit na Girinlan suna ɗauke da wasu sauye-sauye na gado a ainihin enzayim ɗin da ke ƙara wa sinadaran maiƙo tagwayen ɗauri. Ke nan gadon da Sinclair ya so ya cire daga lissafi ta hanyar gwaji a jikinsa yana da nasa kason. Awon jinin da likitocin biyu suka yi yana nan daram, abin da aka ɗora a kansa ne ya yi rauni.

Manyan gwaje-gwaje a kan masu ciwon zuciya ko masu haɗarin kamuwa da shi sun rabu. Na Italiya na 1999, mai mutum 11,324 da suka taɓa samun bugun zuciya, ya ga raguwar mutuwa da giram 1 na omega-3 a rana. Na Japan na 2007, mai mutum 18,645, ya ga raguwar kashi 19 cikin 100 na matsalolin zuciya da giram 1.8 na EPA. Wanda ake kira REDUCE-IT, mai mutum 8,179, ya ba da giram 4 na tsantsar EPA ya ga raguwar kashi 25, amma an yi ta jayayya a kan man ma'adinai da aka ba rukunin da ake gwadawa da su. A 2020 wani mai suna STRENGTH, mai mutum 13,078, ya ba da giram 4 na EPA haɗe da DHA, bai ga wani amfani ba. Duka biyun na ƙarshe sun ga ƙaruwar wani nau'in rikicewar bugun zuciya.

Zubar jinin fa, wadda ita ce alamar Sinclair? A REDUCE-IT zubar jini mai tsanani ta sami kashi 2.7 cikin 100 na masu shan EPA, da kashi 2.1 na sauran. A wani gwaji na 2012 an ba mutum 1,516 da za a yi wa tiyatar zuciya ko dai man kifi ko man bogi, giram 8 zuwa 10 cikin 'yan kwanaki kafin aiki, kuma masu man kifin ba su fi zubar da jini ba. Tsakanin wannan da minti 50 akwai tazarar da yawan abin da aka ci da tsawon lokaci suka haifar. Mai shan maganin tsinka jini ko asfirin a kullum, duk da haka, ya kamata likitansa ya san in zai ɗora man kifi mai yawa a kai, domin duk a kan toshe rauni ɗaya suke aiki.

Inda nake ganin zaren furostagilandin ya fi riƙewa shi ne mahaifa, wurin da Sinclair bai iya gwadawa a jikinsa ba. PGE2 ke tausasa bakin mahaifa, PGF2-alfa ke matsa ta, har ungozomomi da likitoci suna amfani da irinsu wajen tayar da naƙuda. Sjúrður Olsen ya lura matan tsibiran Faro, masu yawan cin kitsen teku, cikinsu kan ɗan daɗe, jariransu kan fi nauyi, ya kawo hasashen a 1986. A 1992 ya gwada a mata 533 a Denmak, waɗanda aka ba giram 2.7 na omega-3 a rana cikinsu ya ƙara kusan kwana 4 a kan na masu shan man zaitun. Tattarawar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta yi a 2018, mai gwaje-gwaje 70 da mata kusan 20,000, ta sami raguwar haihuwar bakwaini kafin mako 37 da kashi 11 cikin 100, kafin mako 34 kuwa da kashi 42. Ga jaririn da huhunsa bai gama nuna ba, kowane mako a ciki yana da nauyi.

Sinclair bai kai ga ganin mafi yawan wannan ba. Ya rasu a 1990, shekara 11 bayan gwajin, kuma bai taɓa wallafa cikakken sakamakon kwana 100 ɗin ba. Abin da ya iso gare mu ya fito ne daga laccocinsa da gajerun rubuce-rubucensa da bakin waɗanda suka yi aiki da shi.